Mai Mota da Bashin Gida: Su Wa Ke Jefa wa Gidan Le Pen Ƙuri'a?

Duk lokacin da aka yi zaɓe a Faransa jam'iyyar gidan Le Pen ta ƙara hawa, maganar da ake yi a majalisun hira na gida kala biyu ce. Wasu su ce ai dama Bafaranshe bai taɓa son baƙar fata da Musulmi ba, yanzu ne kawai ya ajiye kunya. Wasu kuma, musamman 'yan boko masu ra'ayin gurguzu, su ce talauci ne tsagwaronsa, yunwa ce ta tura talakan Turai hannun masu ƙyamar baƙi. Wanda yake zaune a Faransa, yake bin sakamakon zaɓe gunduma-gunduma, zai ga kowanne ya kama wani gefe ya saki wani. Ƙashin bayan wannan ƙuri'a mutum ne mai aiki amma marar digiri, yana da mota da ɗan gida na bashi nesa da babban birni, kuma yana jin ƙafarsa na zamewa. Na can ƙasa da shi, waɗanda talauci ya yi wa katutu, akasarinsu ko dai ba su zuwa rumfar zaɓe, ko kuma doka ba ta ba su ƙuri'ar ba.

Jean-Marie Le Pen ya kafa jam'iyyar a 1972 da sunan Front National. A zaɓen shugaban ƙasa na 1974 ko kashi 1 cikin ɗari bai samu ba. Sai a 1984 ta ɗaga kai, ta samu kusan kashi 11 a zaɓen majalisar Turai, kuma masu jefa mata a lokacin ba leburori ba ne: masu kantuna ne, da 'yan unguwannin masu hali da suka fusata da mulkin Shugaba Mitterrand ɗan gurguzu. Shi kansa tsohon, da ya fara shiga majalisa a 1956, ya shiga ne a inuwar Pierre Poujade, jagoran ƙananan 'yan kasuwa masu ƙin biyan haraji. A 1995 ne ya fara zuwa na ɗaya a tsakanin masu aikin ƙarfi. Daga nan lissafin zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, inda biyun da ke kan gaba ke karawa, ya isa shaida: uban ya samu kashi 18 a 2002, 'yarsa Marine ta samu 34 a 2017, ta samu 41 da ɗoriya a 2022. Ita ce ta sauya wa jam'iyyar suna a 2018 zuwa Rassemblement National, wato RN. A zaɓen majalisar Turai na Yunin 2024, ƙarƙashin Jordan Bardella, RN ta zo ta ɗaya a ƙananan hukumomi sama da tara cikin kowace goma.

Faransawa mutane ne masu son rarraba al'umma aji-aji a takarda, kuma wannan ya sauƙaƙa mana. Hukumar ƙididdigarsu ta ware masu aikin hannu, waɗanda suke kira ouvriers: ma'aikacin masana'anta, magini, makanike, direban babbar mota, mai lodin kaya a sito. Su ne kusan ɗaya cikin biyar na masu aiki, alhali a shekarun 1960 sun kusa biyu cikin biyar. Sai ƙananan ma'aikata, employés: mai karɓar kuɗi a babban kanti, mai kula da tsofaffi a gidajensu, mataimakiyar nas, magatakarda. Su kusan kwata ne, kuma yawancinsu mata. A sama akwai cadres, manajoji da injiniyoyi da ire-irensu. Binciken kamfanin Ipsos a zagaye na biyu na 2022 ya nuna biyu cikin uku na masu aikin hannu da suka yi zaɓe Marine Le Pen suka ba, ƙananan ma'aikata kashi 57, manyan ma'aikata kuwa ko kwata ba su kai ba. A zagayen farko na zaɓen majalisar dokoki na 2024 haka abin ya maimaita: kashi 57 na masu aikin hannu, 44 na ƙananan ma'aikata, ɗaya cikin biyar na manya.

Sai dai a lura da kalmar "da suka yi zaɓe", domin a nan ake yawan tuntuɓe. Kashi 57 ɗin nan an fitar da shi ne daga waɗanda suka je rumfa suka jefa takarda, an riga an cire gungu uku. Na farko masu ƙauracewa: a zagayen farko na zaɓen majalisa na 2022 fiye da rabin masu rajista ba su fita ba, kuma ƙauracewar ta fi yawa a wurin matasa da masu ƙaramin albashi. Na biyu waɗanda rajistarsu ke tsohon adireshi, mutum sama da miliyan bakwai. Ɗan haya mai yawan tashi ne abin ya fi shafa, mai gidan kansa yana nan daram a rumfarsa. Na uku baƙi. Wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba daga ƙasashen Tarayyar Turai ya fito ba, ba ya zaɓen ko da kansila, ko ya shekara talatin yana biyan haraji. Mitterrand ya yi alkawarin gyara wannan a 1981, Hollande, shi ma ɗan gurguzu da ya zama shugaban ƙasa, ya sake yi a 2012, ba wanda ya cika. To mai share ofis da asuba a Paris, da mai ɗaura ƙarfe a wurin gini, da mai kai abinci a keke, 'yan Mali da Gini da Maroko da 'yan'uwanmu na Nijar, duk masu aikin ƙarfi ne, amma babu su a lissafin. Idan aka ce "ma'aikatan Faransa sun koma RN", ana nufin wani yanki nasu da ke da katin zaɓe kuma yake amfani da shi.

Gundumomi biyu sun isa a gwada maganar talauci. Seine-Saint-Denis, a gefen Paris ta arewa maso gabas, ita ce mafi talauci a babban yankin ƙasar. Kujerunta 12 a majalisa, kuma a 2022 da 2024 duka 12 masu ra'ayin hagu, wato 'yan gurguzu da 'yan kwaminis da ƙawayensu, suka kwashe. Jean-Luc Mélenchon, ɗan takarar shugaban ƙasa mai ra'ayin hagu, ya samu kashi 49 a can a zagayen farko na 2022. Pas-de-Calais, tsohon yankin haƙar kwal a arewa, ita ma kujerunta 12, kuma a 2024 RN ta ɗauki 10. Da talauci kaɗai ne ke jefa ƙuri'a, da Seine-Saint-Denis ce hedkwatar Le Pen. Talakan can jikan Aljeriya ne ko ɗan Senegal, ya san da wa ake idan an ce "Faransawa tukuna". Na Pas-de-Calais, wanda kakansa ma watakila daga Poland ko Italiya ya zo haƙar kwal, ya daɗe da zama ɗan gida, yana jin shi ake nufi da alheri.

Yankin kwal ɗin nan ya cancanci a daɗe a kansa. Ramin ƙarshe na arewa, a Oignies, an rufe shi a Disamban 1990, na ƙarshe a duk ƙasar kuma a Lorraine a 2004. A 2003 kamfanin narka dalma na Metaleurop a Noyelles-Godault ya watsar da ma'aikata sama da 800 dare ɗaya, ya bar musu ƙasa mai guba. A Florange, Hollande ya hau kan motar 'yan ƙwadago lokacin yaƙin neman zaɓe na 2012 ya yi musu alkawari, a 2013 aka kashe murhun narka ƙarfen. A Amiens, garin haihuwar Macron, Goodyear ta rufe masana'antar taya a 2014, sannan Whirlpool ta sanar a 2017 za ta kai aikinta Poland inda albashi ya fi arha. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen zagaye na biyu na shekarar, Macron yana ganawa da shugabannin ƙwadago a cikin gari, Marine Le Pen ta faɗo ƙofar masana'antar tana ɗaukar hoto da ma'aikata. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa yau ƙasar ta rasa guraben aikin masana'antu sama da miliyan biyu.

Abin da ya mutu ya wuce albashi. A da, garin masana'anta yana da magajin gari ɗan kwaminis ko ɗan gurguzu, da ƙungiyar ƙwadago, da ƙungiyar ƙwallo, da 'yan badujala, da sansanin hutu na yara, da jarida. Yaro yana tashi a ciki ana gaya masa wane ne "mu" wane ne "su": mu masu gumi, su masu jari. Jam'iyyar kwaminis ta samu kashi 28 a 1946. Ɗan takararta ya samu 21 a 1969, 15 a 1981, ƙasa da 2 a 2007. A 2024 shugabanta Fabien Roussel ya sha kaye tun zagayen farko a hannun ɗan RN, a mazaɓar da suka riƙe shekara da shekaru. Aikin da ya maye gurbin masana'anta, wato manyan sito-sito a bakin babbar hanya, da kula da tsofaffi gida-gida, da aikin wucin gadi na mako biyu ta hannun kamfanin dillancin leburori, ba ya tara mutane wuri ɗaya. A yau ma'aikaci ɗaya cikin goma ne ke da katin ƙungiya, a kamfanoni masu zaman kansu ma bai kai haka ba.

Mutumin Kaduna ko Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Masakun Kakuri sun taɓa tara Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe a ƙungiya ɗaya, suna yajin aiki tare. KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007, Sharada da Bompai da Challawa suka yi tsit. Mu ma mun taɓa samun siyasar da ke kiran aji da sunansa: NEPU ta Malam Aminu Kano tun 1950 tana maganar talakawa da sarakuna, Sawaba ta Djibo Bakary ta tsaya da direbobi da leburori da ƙananan 'yan kasuwa, PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979 ta soke haraji da jangali. Da wannan harshe ya dusashe, gurbin bai zauna wofi ba. A wurinmu addini da ƙabila da ubangida suka shige, har Kaduna ta rabu gida biyu a bakin kogi bayan rikicin 2000. A arewacin Faransa tuta da takardar ɗan ƙasa suka shige. Bambancin da nake gani shi ne, namu talakan yana da wanda zai je wa da koke, ko kansila ko malami ko attajirin unguwa, kuma ranar zaɓe akwai taliya da atamfa. Na can ba mai sayen ƙuri'arsa, ba kuma mai sauraronsa sai na'urar amsa waya ta ofishin gwamnati, saboda haka ƙuri'ar tasa ta fi tamu fitowa daga cikin ciki.

Kada dai a ɗauka tsohon ɗan kwaminis ne ya kwana ya tashi ɗan Le Pen. An yi irinsu, kamar Fabien Engelmann, tsohon jami'in ƙungiyar ƙwadago ta CGT da ya zama magajin garin Hayange a 2014. Masanin siyasa Pascal Perrineau ya yi ta nanata wannan ƙaura tun 1995. Amma masaniyar siyasa Nonna Mayer da wasu sun nuna yawancin abin sauyin zamani ne: tsofaffin sun mutu a kan aƙidarsu ko sun daina fita, 'ya'yansu da jikokinsu da ba su taɓa shiga ramin kwal ba su ne suka fara da RN. Kuma tun asali akwai ma'aikata masu yawa da ke bin de Gaulle da coci. Ƙyamar baƙo ma ba sabuwa ba ce a gidan hagu. A jajibirin Kirsimetin 1980, magajin garin Vitry-sur-Seine, ɗan kwaminis, ya jagoranci kai katafila gidan kwanan leburori 'yan Mali kusan 300. Daga baya, a 2011, cibiyar nazari ta Terra Nova mai kusanci da jam'iyyar gurguzu ta ba da shawara a fili cewa a daina dogaro da ma'aikata, a nemi masu digiri da matasa da mata da 'yan unguwannin baƙi. Ma'aikatan sun ji.

Yanzu ga lissafin mota, wanda a ganina ya fi kowace ƙididdiga bayyana wannan mutum. Kuɗin gida a cikin Lille ko Lyon ko Bordeaux ya fi ƙarfinsa. Gwamnati kuma tun 1995 tana ba da rancen da babu ruwa ga mai sayen gidan farko. Sai ya sayi fili a ƙauye mai nisan kilomita 30, ya gina ɗan gida da bashin shekara 20 ko 25. Zuwa aiki da dawowa kilomita 60 ne, sau kwana 22 ya zama 1,320 a wata. Motar da ke shan lita 6 a kilomita ɗari za ta sha kusan lita 80. A kan yuro 1.80 lita ɗaya, kuɗin ya haura yuro 140, wato kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin albashi, wanda a 2024 yake wajen yuro 1,400 a hannu. Ba a sa inshora ba, ba a sa taya ba, ba a sa binciken lafiyar mota na dole duk shekara biyu ba. Matarsa ma tana buƙatar tata motar, domin babu bas. Takwaransa na Paris yana da katin jirgin ƙasa na wata, yuro 86 a 2024, kuma doka ta tilasta wa mai aikinsa biyan rabi. Shi ya sa ƙarin santim goma a lita ɗan birni ko a jikinsa, na ƙauye kuwa a tukunyarsa yake ji.

Daga nan masu zanga-zangar da ke sanye da riga mai ruwan ɗorawa suka fito. Gwamnatoci sun shekara da shekaru suna kwaɗaita wa mutane motar dizal da sauƙin haraji, sai aka juya ana cewa ita ce mai gurɓata iska, za a ƙara mata kuɗi. A Yulin 2018 aka rage gudun hanyoyin karkara daga kilomita 90 zuwa 80, kyamarori na ta yanka tara. Ranar 17 ga Nuwamba mutum kusan 280,000 suka tare shataletale a faɗin ƙasar. Ba RN ce ta shirya ba, kuma akwai kowane irin ra'ayi a ciki, amma taswirar shataletalen da taswirar ƙuri'arta sun yi kama ƙwarai. Wanda ya ga Janairun 2012 a Najeriya, ko abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ya san yadda farashin lita ke zama siyasa. Masana tattalin arziki a duka wuraren biyu sun yi lissafinsu daidai a takarda, sun manta ba su ne ke cika tanki da kuɗin cefane ba.

Ga kuma janyewar hukuma daga ƙananan garuruwa. Asibitocin haihuwa sun haura 1,300 a 1975, yanzu ba su kai 500 ba. An ƙayyade yawan ɗaliban likitanci tun 1971, aka matse shi har ya sauko wajen 3,500 a shekara a farkon shekarun 1990, da tunanin ƙarancin likitoci zai rage kashe kuɗi. Yau likitan ƙauye yana ritaya babu magaji, kuma asibitocin yankunan da RN ke ci da yawansu likitocin Aljeriya da Tunisiya da Afirka ta Yamma ne ke riƙe da su. Gidan waya ya rage awanni, ofishin haraji ya koma intanet, shagon shayi da giya da ake haɗuwa ya rufe.

Takardar makaranta ta fi albashi raba mutane. A 1985 gwamnati ta sa burin kashi 80 na matasa su kai matakin bac, jarabawar gama sakandare, kuma an cim ma. Sakamakon shi ne wanda bai samu ba, ko ya bi layin koyon sana'a, ya tashi daga mutum na yau da kullum ya zama wanda aka bari a baya. A 2024 kusan rabin masu zaɓen da ba su da bac RN suka ba, masu digiri kuwa ɗaya cikin biyar da 'yan kai. Mai gyaran famfo mai zaman kansa yana iya fin malamin makaranta samu, amma malamin na hagu ne, shi kuwa na Le Pen. Benoît Coquard, wanda ya yi nazarin ƙauyukan gabashin ƙasar, ya nuna masu ƙoƙari a makaranta suna tafiya birni ba su dawowa, waɗanda suka rage kuma mutuncinsu yana rataye ne a kan a san su da aiki, kada a haɗa su da malalata. A irin wannan wuri cewa kana tare da Marine alama ce ta kai mutumin kirki ne mai tashi da asuba.

Nan ne zuciyar maganar. Masanin zamantakewa Olivier Schwartz ya lura ma'aikacin yau ba sama kaɗai yake kallo ba, yana kallon ƙasa ma. Sama akwai 'yan Paris masu raina shi. Ƙasa akwai waɗanda yake kira 'yan cin banza, masu karɓar tallafi. Tallafin marasa aiki na RSA wajen yuro 635 ne ga mutum ɗaya a 2024, ga taimakon kuɗin haya. Shi mai albashin 1,400 ko 1,700, in ya cire mai da bashin banki da kuɗin mai reno, sai ya ga tazarar ba ta kai wahalar ba, ga shi ya ɗan haura layin da ake ba da taimako. Na saman ya yi masa nisa, bai san ta inda zai kama shi ba. Na ƙasan yana ganinsa a layin kanti. An bar jaki ana dukan taiki. Aikin RN shi ne ta shafa wa na ƙasan nan launi, ta ce baƙo ne. Alhali baƙon da ba ɗan Turai ba galibi sai ya shekara biyar da takardar zama mai izinin aiki kafin ya taɓa RSA, marar takarda ba ya samu sam, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka cancanta ba su ma nema. Félicien Faury, da ya zauna da masu zaɓen RN a kudu maso gabas, ya tarar ba a iya raba kukan aljihu da maganar Larabawa da Musulmi a bakinsu: makarantar unguwa ta lalace "saboda su", gidan gwamnati an ba "su", shagon nama ya koma na halal. Don haka masu cewa a yi musu uzuri, wahala ce kawai, ban bi su ba. Wahalar gaskiya ce, amma zaɓen wanda za a ɗora wa laifi ba wahala ce ta yi shi ba.

Kuma kafin mu yi tsaki, mu tuna abin da RN ke kira fifita ɗan ƙasa wajen aiki da gida da tallafi, muna da shi a aljihu: takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ke hana wanda aka haifa a Jos ko Kano gurbin karatu don kakansa daga wani wuri ya zo. Hausawan zango a Ghana sun ɗanɗana a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi tattalin arziki na tangal-tangal. Najeriya ta rama a 1983 da kuɗin mai ya faɗi, ta kori sama da mutum miliyan ɗaya, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna.

RN fa ba gida ɗaya ba ce. Akwai ta kudu, daga Perpignan zuwa Nice, wadda ta girmi ta arewa: manyan garuruwan farko da jam'iyyar ta ci, a 1995, su ne Toulon da Orange da Marignane. Can ne Turawan da suka baro Aljeriya a 1962 suka fi sauka, ga tsofaffin sojoji, ga masu ritaya, ga masu ƙananan kamfanonin gini da gidajen abinci. Su kukansu haraji da tsaro da Musulunci, ba su son jin ƙarin albashi. A 2022 RN ta ɗauki kujeru 7 cikin 8 na gundumar Var, inda ba a rasa masu hali ba. Masu kuɗin gaske kuwa da suka so irin wannan siyasa, ɗan jarida Éric Zemmour suka bi a zaɓen shugaban ƙasa na 2022: kashi 7 ya samu a ƙasa baki ɗaya, amma ya haura 17 a unguwa ta 16 ta Paris da Neuilly, inda Marine Le Pen ba ta da kasuwa. Aƙida kusan ɗaya, aji ya raba musu ɗan takara. A saman duka akwai attajiri Vincent Bolloré mai tashar CNews da rediyon Europe 1, waɗanda ke jan maganar baƙi safe da yamma. Mutanen Nijar sun san sunan, kamfaninsa ne ya shimfiɗa layin dogon Yamai zuwa Dosso da jirgi bai yi jigila a kai ba.

Abin da ya fi rikita mai saurin yanke hukunci shi ne yankunan Faransa na ƙetare. A zagaye na biyu na 2022 Marine Le Pen ta samu kusan kashi 70 a Guadeloupe, kusan 61 a Martinique, tsibiran baƙar fata jikokin bayi. Mako biyu kafin nan Mélenchon suka ba. Ƙin Macron ne, da tsadar kaya, da famfon da ba ya kawo ruwa. Mayotte kuwa daban take. Kusan kowa Musulmi ne, ita ce gunduma mafi talauci a duk ƙasar, kuma tun zagayen farko Le Pen ce kan gaba, har suka tura 'yar majalisar RN a 2024. Baƙon da suke kuka da shi ɗan Komoros ne, mai addininsu, mai kusan harshensu, da ke tsallako teku a kwalekwale. Mai takarda ne ke tsoron marar takarda a kan gadon asibiti ɗaya.

Riƙe waɗannan gidaje biyu, na arewa mai son fansho da wuri da na kudu mai son a rage haraji, shi ne rawar da jam'iyyar ke takawa. Uban mai sha'awar Reagan ne, yana son a soke harajin albashi. 'Yar ta yi alkawarin ritaya a shekara 60 a 2012 da 2017, a 2022 ta taƙaita shi ga wanda ya fara aiki kafin ya cika 20. Ta yi adawa da dokar 2023 da ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, tana kuma alkawarin sauke harajin mai da lantarki daga kashi 20 zuwa 5.5, abin da mai mota ke ji kai tsaye. Amma a Yulin 2022, da aka kawo batun ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa yuro 1,500, 'yan majalisarta sun ƙi. A 2024 ta haɗa kai da Éric Ciotti na masu ra'ayin riƙau, Bardella na ta kwantar wa masu kamfanoni hankali. Duk da haka ta tsaya a kujeru 143 cikin 577 tare da ƙawayenta, domin 'yan takara sama da 200 na hagu da na Macron sun janye wa juna a zagaye na biyu. Mai zaɓen Pas-de-Calais ya karanta wannan a matsayin 'yan birni da masu digiri sun sake haɗa masa kai. In ka tambaye shi me ya sa, amsar da ta fi yawa ita ce an gwada dama an gwada hagu, su kaɗai ba a gwada ba. Mai tuna "canji" na 2015 ya san wannan murya.

A wasu garuruwan an riga an gwada. Hénin-Beaumont da ke Pas-de-Calais ta shekara da shekaru a hannun 'yan gurguzu, har aka kama magajin garinta a 2009 kan almundahana da kuɗin jama'a. Steeve Briois na RN, ɗan yankin da ya shekara kusan ashirin yana bin kasuwa da ƙofa-ƙofa, ya ci tun zagayen farko a 2014. Ya rage harajin gida da kashi 10, ya gyara tituna, ya raya bukukuwan gari, ya kuma karɓe ofishin da hukuma ke ba ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam kyauta. A Hayange, Engelmann ya nemi korar ƙungiyar agaji ta Secours populaire daga ginin hukuma a 2016, yana zarginta da siyasa da goyon bayan baƙi, har aka yanke mata wuta, alhali masu karɓar abinci a wurin talakawan garin ne. A zaɓen 2020 dukansu biyu sun koma kujerunsu tun zagayen farko, Briois da kashi 74.